Ƙarfen da Aka Sa wa Gatari a Zuciya

Shekara talatin da huɗu Gatari ya yi yana fawa a mayankar da ke bayan kasuwa, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Da sara ɗaya yake raba ƙashin bayan bijimi. Ubansa ne ya koya masa aikin, da igiyar ɗaure shanu ya koya masa, duk kuskure ɗaya bulala uku, har ya taso hannunsa na riga bakinsa magana. Ya taɓa fasa wa wani direba hanci don ya taka masa fata da taya. Ya taɓa jifan mai duba lafiyar nama da sikeli, Allah ya taimaka ya goce, sikelin ya huda ƙofar kwano. A gida kuwa bai taɓa ɗaga wa 'yarsa Auta hannu ba, amma babu ƙofa ɗaya a gidan da sakatarta ke aiki.

Mutum ɗaya ne ya iya zama da shi, ƙanensa, wanda kowa ke kira Ƙarami ko da yake gemunsa ya yi fari. Shi ke riƙe igiya idan za a kayar da sa, shi ke bin bayan Gatari yana ba mutane haƙuri.

Wata safiya Gatari ya ɗaga cinyar sa zai rataya a ƙugiya, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Gumi ya keto masa, hannunsa na hagu ya mutu, ya zube ƙasa, cinyar ta faɗo a kansa. A baron ɗaukar nama Ƙarami ya turo shi har bakin titi. A asibiti aka zura masa siririyar waya ta wuyan hannu har zuciya, aka buɗe jijiyar da ta toshe, aka bar wani ɗan ƙarfe mai kama da raga a ciki don ya tokare ta.

Da ya farfaɗo, Ƙarami ya ce, "Yaya, mu dai mun daɗe da sanin kana da zuciya. Yau ga likita ta gan ta da idonta."

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta kai masa kafaɗa ba. Ta ce masa aikin bai ƙare ba. Jiki yakan ɗauki ƙarfen kamar rauni, ya tofo masa nama a kai. Idan naman ya yi yawa, hanyar ta sake tsukewa. Abin da ke zuga shi kuwa ana ganinsa a jini tun kafin mutum ya ji ciwo: alamar kumburi, da suga, da kitse. Don haka duk wata uku za a ɗebi jininsa. Dole ya bar sigari, ya rage kitse, kada ya tsallake magani ko na kwana ɗaya, musamman na tsinka jini.

Wata biyu ya yi yana bin doka. Sai ranar da wuƙa ta zame ta yanke shi a babban yatsa, yankan da a da tofa masa yawu yake yi ya ci gaba da aiki. Wannan karon jinin ya ƙi tsayawa. Ya jiƙa tsumma biyu, yana ɗiga a kan naman mutane, abokan aiki suna kallonsa suna ƙus-ƙus. Abin ya ci masa rai. A ranar ya tura ƙwayoyin cikin aljihun teburinsa, ya kunna sigari. Ƙarami na gani.

Gwajin farko Auta ce ta ja shi. Likita ta ɗauki jan biro ta zagaye layi uku a takardar.

"Baba," in ji likitar, "kumburin ya ninka, suga ma ya hau. Kana shan maganin kuwa?"

"Ina sha."

"Jininka bai ce haka ba."

Ya miƙe har kujerar ta kife. "Ni za ki koya wa jini? Tun ba a haife ki ba nake wanka da shi." Ya fizge takardar ya yayyaga, ya banko ƙofa har gilashinta ya tsage. Gwaji na biyu bai je ba.

A wata na bakwai ya fara tsayawa a tsakiyar aiki yana dafa bango, yana cewa ƙwannafi ne. Ƙarami ya kasa daurewa, ya kwashe ƙwayoyin daga aljihun tebur ya kai wa Auta. Da safe ta zube su a gaban ubanta tana kuka. Ya tsallake su. Ya sa takalminsa na roba ya nufi mayanka.

Ya tarar da Ƙarami a sunkuye yana wanke daɓe.

"Kai ne ka kai ni ƙara wurin 'yata?"

"Ni ne, Yaya. Gara ka ji haushina kana raye."

Naushin farko a kunne ya same shi. Ya faɗi, ya yunƙura zai tashi, Gatari ya cakumi wuyan rigarsa ya buga fuskarsa a gefen teburin siminti, ya sake bugawa. Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Haƙora biyu suka gangara cikin kwata tare da ruwan wanki. Maza huɗu ne suka ɓamɓare shi, ɗaya ya fita da targaɗe. Ƙarami bai rama ba, bai ma kare fuskarsa ba. Aka ɗauke shi jina-jina, muƙamuƙinsa ya karye gida biyu.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka kawo wani baƙin bijimi mai faɗa. Wanda ya karɓi igiya a madadin Ƙarami bai iya ɗauri ba. Ana cikin ja ƙullin ya kwance. Bijimin ya ture teburi biyu, ya soki wani mai fiɗa a cinya ya watsar da shi jikin bango, ya juyo kan matan da ke wanke tumbi a lungu, inda babu ƙofar fita. Gatari ya tare shi. Ya kama ƙaho da hannu ɗaya, ya cusa yatsun ɗayan a hanci, bijimin ya ja shi a daɓe har fatar gwiwoyinsa ta saluɓe, bai saki ba. Ya murɗe wuyan da dukan ƙarfinsa har dabbar ta kife, mutane suka auka mata da igiya. Shi kuma bai tashi ba. Yana kwance cikin jini da kashin shanu, bakinsa a buɗe, iska ta ƙi shiga. Yana ganin ƙafafun abokan aikinsa sun zagaye shi, kowa na jiran wani ya fara taɓa shi. Wata tsohuwa cikin masu wanke tumbin ce ta zage su tas, sannan suka ɗauke shi.

Likitar nan dai ya tarar. Bayan an sake zura waya an faɗaɗa wurin, ta juyo masa da allon ta nuna masa hoton da aka ɗauka kafin aikin. Ya san jijiya, ya yanka dubbai. Ya ga tasa ta taho da kaurinta, ta iso wurin ƙarfen ta koma kamar zare.

"Nama ya cika ƙarfen, gudan jini ya zo ya ƙarasa," in ji ta. "Wata huɗu da suka wuce takarda ta gaya mana. Da ka makara da rabin awa, da ba ni kake kallo ba."

Wannan karon bai miƙe ba, ya ci gaba da kallon allon.

Bai sake kayar da sa ba. Yanzu a bakin ƙofar mayanka yake zama yana wasa wuƙaƙe, Auta na ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu kowace safiya, sai ta ga ya haɗiye take fita aiki. Kumburin ya sauka a hankali, kitsen ma haka. Suga ne har yau suke fama da shi. Zafin ran bai tafi duka ba, ko a watan jiya ya karya kujera.

Ƙarami ya yi sati shida da waya ɗaure a haƙoransa, da tsinken roba yake shan abinci. Da ya warke ya koma wata mayanka a ƙetaren gari. Gatari ya je har gidansa sau ɗaya, ya zauna a tabarma kusan awa guda yana juya hularsa, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ya bakin?" Ƙarami ya ce da sauƙi. Yakan zo duba yayansa ranar hutu, ya tambayi Auta abin da gwaji ya nuna, ya ci abinci tare da su. Da gefe ɗaya yake tauna yanzu, a hankali, kuma duk lokacin da ya kai loma baki Gatari yakan mai da idonsa kan nasa kwanon har a gama.