Buhun Bayan Babur

Shekara goma sha tara wata mai ɗinki ta yi tana zama a bayan babur ɗin mijinta, bai taɓa juyowa ya tambaye ta ko ta gaji ba. Babur ɗin kuwa ko tari ya yi, sai gareji. Irin mai shokazoba na iska ne, wanda ake ƙara wa iska ko a rage daidai da nauyin da zai ɗauka, kuma ita ce nauyin.

Duk bayan wata uku yakan tashe ta daga kan keken ɗinki ya kai ta wurin bakanike. Ta hau baya a gaban jama'a, babur ya nutse, bakanike ya durƙusa da tef ya auna nutsewar, sannan ya ɗaura ɗan famfonsa.

"Ƙara masa, ƙara!" mijin zai ce. "Buhuna ba ya wasa da tukunya."

Gareji ya kwashe da dariya. Tun tana kuka in ta koma gida har ta koyi murmushin dole. Sunan ya bi ta har shago, masu kawo ɗinki ma Buhu suke ce mata a bayan ido.

Bara ciwo ya shige ta a sace. Abinci ya daina zama, numfashi ya gajarce. Da hannunta ta rage rigunanta sau uku. Sau biyu ta ce ya kai ta babban asibiti, yana goge taya ya ce raki ne. Mutumin da ke jin kukan ƙaramin noti bai ga ƙashin wuyan matarsa ba, abin takaici.

Sai ta sa ranta a kan tef ɗin awo. Bakinta ba ya da daraja a wurinsa, amma awon bakanike bai taɓa musawa ba. Ranar zuwa gareji har ta riga shi shiryawa.

Ta hau. Babur ya ɗan motsa kamar an ɗora masa filo. Bakanike ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago ya dube ta sosai, karon farko a shekarun nan.

"Maigida, a da yatsa huɗu yake sauka. Yau ko ɗaya bai cika ba."

"To shokazoba ya sandare ke nan."

"Lafiyarsa ƙalau, iskar ma tana nan yadda na bar ta. Uwargida ce ta ƙare. Don Allah ka kai ta likita ya duba ta."

Babu wanda ya yi dariya. Ta ƙura wa mijin ido tana jira. Ya zagayo ta bayanta, har ta ɗauka kafaɗarta zai dafa. Kujerar babur ya danna da tafin hannu, ya kasa kunne.

"Ka ji? Akwai wata 'yar ƙara. Kai dai ƙyuyar kwancewa kake ji. Kwance shi yau ɗin nan, ina tsaye a kanka."

Ta ce a hankali, "Maigida, ni fa?"

"Au, kina nan? Sauka mana, kin tsare wa mutum aiki. Taka ki tafi gida, ai ba nisa. Tafiyar ƙasa ma za ta rage miki ƙiba."

Ta sauko tana riƙe da zanenta da ke neman zamewa. Babur ɗin ko ɗagowa bai yi ba.