Ɓarawon Hayyus Sabi'

Duk ɗan Arewar da ya sauka Alƙahira neman ilimi, kafin ya san hanyar makaranta ya san benen da Malam Ɗantsoho yake. Mutumin Malumfashi ne, gajere mai yawan dariya, ya daɗe a unguwar Hayyus Sabi' har masu kanti shi suke tambaya labarin unguwa. Karatu dai yana yi, amma ba ya yi masa gaggawa. Shi ke tarbo baƙo a filin jirgi, shi ke raka shi layin iƙama, wato takardar izinin zama, wanda zai je hutu gida kuma wurinsa yake barin makulli. Iyalinsa suna Malumfashi, don haka babu abin da yake so kamar yammacin Alhamis, ya tuƙa tuwo ya kaɗa miyar kuka, ɗaki ya cika da hayaniya.

Da zamanin waya mai shafe-shafe ya zo, samari suka fara ɗauke ƙafa. Akwai Alhamis ɗin da shi kaɗai ya zauna gaban tukunya, abin kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai.

Munzir ne ya ceto Alhamis. Bahaushen Sudan ne mazaunin unguwar Faisal can wani gefen birnin, ya koyo wani wasa wurin abokansa Misirawa. Shi ke ba da labari, kowa ya zaɓi wanda zai zama a ciki, sai a jefa ƙwaya mai lambobi a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Jin haka ɗalibai biyu, Ukasha da Abdurrahim, suka dawo cin tuwo, bayan sun yi doguwar muhawara sun yarda ba caca ba ce.

Wurin zaɓe aka sami matsala. Munzir ya ce tawaga tana buƙatar jarumi, da mai sihiri, da ɓarawo mai buɗe ƙofa da gano tarko.

"A'uzu billahi!" in ji Ukasha. "Ina haddar hadisi in yi sihiri?"

Munzir ya haƙura da sihirin. Ɓarawo kuwa ko kallonsa ba wanda ya yi, don kowa ya san in ɗalibai suka laƙaba maka suna, da shi za ka tsufa. Akwai wanda ya taɓa ƙona wake a gidan nan, yau limami ne a garinsu, har gobe Ƙona-Wake ake ce masa. Saboda haka duk su ukun, har da Ɗantsoho, suka zama jarumai, kowa da takobinsa, kuma kowace Alhamis sai sun rufta rami ɗaya sun mutu tare.

Ranar nan bayan la'asar Munzir ya tattara ƙwayoyinsa.

"Khalas, ya jama'a, na gaji. In sha cunkoso tun daga Faisal don kawai in zo in binne ku? Ko a sami ɓarawo, ko na daina zuwa."

Ukasha ya dubi silin, Abdurrahim ya dubi wayarsa. Ɗantsoho ya tuna 'ya'yansa, ya tuna ranar da zai koma gida a shimfiɗa masa buzu. Sannan ya dubi tukunyar da ke tururi a kicin, ya tuna yadda take ranar da babu kowa.

"Ba ni ɓarawon," ya ce.

"Haba Malam!" in ji Ukasha. "Da furfurarka?"

"Ma'alish, ba komai," in ji Ɗantsoho. "Jefa ƙwaya, yalla, mu je."

Ashe an daɗe ana ɓarnar baiwa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana lallaba ma'aikatan iƙama, wace ƙofa ce za ta gagare shi? Sai dai kafin ya taɓa kowane kwaɗo a cikin labarin sai ya yi istigfari, in ya buɗe akwatin dodo kuma ya nace sai an nemi masu kayan. Ranar suka haye ramin, Ukasha ya yi kabbara har maƙwabta suka buga bango.

Sunan bai yi mako ba ya zagaye unguwa. Wani sabon zuwa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina wuni, Malam Ɓarawo?" Matarsa Humaira ta bugo daga Malumfashi tana cewa, "Malam, me nake ji haka?" Ya yi dariya ya yi mata bayani, amma da ya ajiye waya abin ya sosa masa rai.

Alhamis kuwa ta cika har sai da ya ƙaro tukunya. Da hutu ya zo, Abdurrahim ya hau benen da jakarsa zai wuce filin jirgi. Ya zaro makullin ɗakinsa ya danƙa wa Ɗantsoho a hannu.

"Ɓarawo, ga shi nan. Duk abin da na mallaka yana ciki."

Ɗantsoho ya rataye shi a ƙusa kusa da sauran, ya ce Allah ya kiyaye hanya.