Takalmin da Ba Shi da Igiya

Shekarar da muka zo garin Greensboro a ƙasar Turawa 'yata ta fari tana wata bakwai, maigidana Malam yana karatun digirinsa na biyu a fannin noma, ni kuwa ba ni da wata sana'a sai tsoro. Ina tsoron murhun gas. Ina tsoron tarho idan ya yi ƙara Malam ba ya gida. Duk takardar da aka cuso ta ƙarƙashin ƙofa sai na ɗauka ta kora ce, don aji huɗu na yi a firamare, karatun Turancina bai wuce sunayen dabbobi ba. Da wannan halin nawa Allah ya tashi ba ni aiki, sai ya ba ni a shagon bindigogi.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi da muke sayen daddawa a wurinta ce ta samo mini. Shara da goge-goge, safiya uku a mako, a wani ɗan shago a kan titin High Point Road, tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da mai wankin kaya. Takardar zamana a ƙasar ba ta ba ni izinin aiki ba. Malam ya yarda in je, amma ya ja mini kunne: in yi nesa da duk abin da zai kawo ɗan sanda, domin ranar da aka ce in nuna takarda, karatunsa ya ƙare, sai mu ɗaure kaya mu koma gida hannu biyu. Da wannan maganar nake kwana, da ita nake tashi.

Mai shagon wani tsohon Bature ne daga McLeansville, makullai a ƙugunsa kamar mai gadin gidan yari. Tsoho nake ce masa a raina. Ban taɓa ganin wanda ya shirya wa ɓarawo kamarsa ba. Tagogi duk ƙarfe. Ƙofa kwaɗo uku, kuma ko da rana ba ta buɗuwa sai ya danna wani maɓalli a ƙarƙashin kanta. A waje ya kafa turakun ƙarfe, wai kada wani ya banko ƙofar da mota. Dogayen bindigogi suna jere a bango, an zura musu sarƙa guda kamar shanun da za a kai kasuwa. Ƙananan kuwa suna kwance cikin akwatin gilashi a kan koren ƙyalle, kowace da gurbinta. Akwai zagayayyen madubi can sama a kusurwa. Akwai kuma kare, wanda na yi sati biyu ina tsoro kafin in gane ya kurumce, sai na ɗaga ƙafarsa da tsintsiya nake share ƙarƙashinsa.

Ba a shiga da jaka. Ranar farko sai da Tsoho ya zagaye ni sau biyu yana kallon goyona, yana shawara da kansa ko wannan ma jaka ce. Yarinyar ta yi atishawa, ya bar mu muka wuce.

Doka ɗaya ya kafa mini, ta bakin Malam da ya rako ni yana fassara: duk wanda ya shigo in dube shi a fuska sosai, wai ɓarawo ba ya son a san fuskarsa. Na ce to. Amma ni da aka raina a gidan da ko yayana ba na haɗa ido da shi, ta yaya zan tsaya ina ƙare wa mazan mutane kallo? Na gwada sau biyu, wuyana ya ƙi. Sai na riƙa kallon ƙasa, kamar yadda na saba.

Haka na san kowa ta ƙafa. Mafarauta da manyan takalmansu masu jan laka, su ne masu ba ni aiki. Samari masu takalmin roba, waɗanda sukan daɗe a tsaye a waje Tsoho yana nazarinsu ta gilashi, musamman idan fatarsu irin tawa ce. Sai kuma wani dattijo daga unguwar masu kuɗi ta Irving Park, mai takalmin fata ruwan ƙasa, mai laushi, irin wanda ake zura ƙafa kawai, da ɗan tuntu a sama. Shi tun bai iso ƙofa ba maɓalli ya yi ƙara. Kujera gare shi a bayan kanta, da kofinsa na gahawa. Yakan kawo wa 'yata alewa tun ba ta da haƙori.

Ran wata Laraba da hantsi, lokacin farautar barewa, shago ya cika. Ina durƙushe ina goge gindin akwatin gilashi. Tsoho ya fito wa dattijon da ƙananan bindigogi uku yana dubawa, sai wani mafarauci ya nemi harsashi, Tsoho ya juya baya. Ƙafafun dattijon suna dab da tsummana. Sai na ga ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Na tsaya da goge-gogen. Wata biyar ina kallon takalmin nan, ba shi da igiya. Da ya miƙe, ƙafar wandonsa ta hagu ta ƙi sauka daidai, kuma da zai fita sai da ya riƙa ɗaga ƙafar a hankali kamar mai ƙaya.

Na ci gaba da goge-gogena. Babban mutum ne, sa'an babana. Na ce wa kaina wataƙila a ƙasarsu haka manya suke yi, su ɗauka tukuna a yi magana daga baya.

Wajen azahar, da shago ya yi shiru, Tsoho ya ga gurbi guda babu bindiga a kan koren ƙyalle. Ya rufe ƙofa kwaɗo uku. Ya duba ƙarƙashin kanta, ya duba kwandon shara, har kare ya tasa. Yana ta ambaton wasu samari biyu da suka zo da safe, waɗanda ko tabarmar bakin ƙofa ba su wuce ba. Ban ɗaga kai ba, amma na ga takalmansa sun juyo sun fuskance ni.

Da hannu ya nuna mini in kwance goyo. Na kwance. Na karkaɗe zane, na karkaɗe majanyi, yarinya tana ta tsala kuka a kan kanta tsakanin kwalayen harsashi. Abin da ya faɗo shi ne safarta guda da nake nema tun asuba. Tsoho ya ba ni haƙuri, wuyansa ya yi ja. Sannan ya miƙa hannu wajen tarho, ya faɗi kalmar da na fi sani a duk Turanci, wato ɗan sanda.

Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kan tarhon ba. Na ɗaga kai na dube shi a fuska, karo na farko. Ashe idonsa guda ma farin hakiya ne da shi. Kalmomina ba za su isa ba, sai na ɗauki buroshin goge gilashi, na sunkuya, na cusa shi cikin safar Malam da nake sawa saboda sanyi, na miƙe na taka har bakin ƙofa ina ɗaga ƙafar hagu. Na dawo na nuna kofin gahawar da ke kan kanta. Na haɗa 'yan kalmomi uku da na iya: takalmi, igiya, babu.

Ya daɗe yana kallon kofin. Da ya ɗauki tarho, wata lamba ya juya daban, ya yi magana a hankali har da 'yar dariya, kamar mai neman aron gishiri a maƙwabta. Ba a yi awa ba doguwar motar dattijon ta tsaya. Maɓalli ya yi ƙara tun takalmin bai iso ƙofa ba. Dattijon ya ajiye bindigar a ƙunshe cikin takarda a kan kanta, ya yi bayani mai tsawo. Daga baya Tsoho ya gaya wa Malam abin da ya ce: wai gwaji ne ya yi, don ya ga ko tsaron shagon yana aiki. Tsoho ya yi masa godiya. Suka sha gahawa.

Da yamma na ba Malam labari, Hajiya tana nan ta kawo daddawa. Malam ya dafe kai ya ce, "Ke yanzu babban mutum kika nuna da yatsa?"

Na ce, "Ba yatsa ba ne, Malam, buroshi ne."

Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Kai Malam, bar 'yata. Kwaɗo uku da kare da madubi, ashe abin da shagon ya rasa mai kunya ce."

Malam bai yi dariya ba sai da na rantse masa ɗan sanda bai taka wurin ba.

Ranar da na koma, na tarar Tsoho ya ɗauki mataki. Ya ƙara kwaɗo na huɗu a ƙofa, samari masu takalmin roba kuma tsayuwarsu a waje ta ƙara tsawo. Kujerar dattijon tana nan a bayan kanta, kofinsa a wanke. Bai sake yi mini maganar kallon fuska ba, bai kuma sake kallon goyona ba.

Shekara biyu na ƙara a shagon, har Malam ya gama karatu, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Abu ɗaya ne ya sake. Duk ranar da doguwar motar nan ta tsaya, Tsoho zai danna maɓalli da hannu ɗaya, ya miƙo mini tsumma da ɗayan, ya nuna gindin akwatin gilashi, ko da yanzun nan na gama goge shi. Sai in durƙusa. Dattijon ya gaishe ni, ya ba yarinya alewa, ni kuma in gaishe da takalmansa cikin ladabi, in yi ta goge wuri ɗaya har ya shanye gahawarsa.