Ƙafa-a-hannu

A layin masu gilashi ba wanda ke kiransa da sunansa. Ƙafa-a-hannu suke ce masa, yana kuma amsawa. Tun yana da ƙarfinsa ne gilashin wata taga ya suɓuce masa a kan tsani, ya tsarge masa damtse, ya datse babbar jijiyar da ke kai jini hannu. Maƙwabcin shagonsa ya ɗaure wurin da bel, aka yi asibiti da shi. Can likitoci suka ciro jijiya daga cinyarsa suka dasa a madadin wadda ta yanke. Hannu ya tsira. Babban yatsa da manuni ne dai ba su dawo daidai ba, don jijiyar ji ma ta taɓu. Har yau in zai ɗauki ƙusa sai ya bi ta da ido.

Ya koma bakin sana'arsa, awo da yanka, ɗaukar nauyi kuwa ya bar wa masu jini a jika. In ya fita ya daɗe, matarsa takan ce ba laifinsa ba ne, jijiyar ƙafar ce ke jansa yawo.

Ranar da aka sallame su, likita ya koya mata ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa kowace safiya. In ta ji bugu, hanyar jini a buɗe take. In ta ji shiru, ko hannun ya yi sanyi, su taho maza, don ana iya rasa shi. Ita kuwa mace ce mai kunya, sai ga likita ya ba ta lasisin riƙe hannun mijinta a gaban yara. Shi ko kullum cikin mita yake, wai shayinsa na hucewa, wai an mai da shi agogon bango. Tana ji, ba ta saki. Tsoro take ji, domin hannun nan shi ne cinsu da shansu, kuma tana son mai shi.

Yara suka girma, furfura ta fito musu su biyun. Wata safiya ta ɗora yatsu ta ji shiru. Ta matsa, ta sake wuri, shiru. Ko takalmi bai gama sawa ba ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ya yi hoton hannun, ya matsa farce ya ga jini ya dawo. Ya ce jijiyar dashen ta toshe a hankali, amma a tsawon shekarun nan jini ya yi wa kansa ƙananan hanyoyi, kamar yadda mutane kan bi lungu in an rufe titi. Hannun da ɗuminsa, ba abin da zai same shi. Ya ba shi magani, ya ce in ciwo ko sanyi ya zo su dawo. Bugun kuwa ba za a ƙara jinsa a wurin ba, baiwar Allah ta huta.

Washegari ta ajiye masa shayi ta juya, zuciyarta ba daɗi. Ya yi gyaran murya, ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannun a kan tebur.

"Baban yara, ai likita ya ce ba abin da zan ji."

"Ke ce ba za ki ji ba," in ji shi. "Ni ina ji."

Ta jawo kujera ta zauna, shayin ya huce.