Takalmin da Ya Yi Tafiya a Ka

Shekarar da aka ce mu fara ɗaure kaya domin ruwan madatsar Bakolori zai ci ƙauyenmu, kowa a gefen Maradun maganar rumbu da dabbobi yake yi. Inna kuwa wata safiya tana tankaɗe ta ce mini za ta bi ayarin 'yan ziyara zuwa Hubbare a Sakkwato, a ƙafa, kuma da ni za ta. Na saki tsintsiya na daka tsalle har kaji suka watse. Ina 'yammata a lokacin, ban taɓa wuce Mafara ba, ga shi an ce Sakkwato!

Ni kaɗai ta gaya wa dalili, don ni ce auta, ba ta jin nauyina. Yaya, ɗanta na fari, yana jinjiri ya yi ƙyanda har an fid da rai. A cikin ɗakinta ta yi wa Allah alkawari, in yaron ya tashi za ta taka daga ƙofar ɗakin nan har Hubbare, ta yi sadaka ta yi addu'a. Yaro ya tashi. Haihuwa da noma da rasuwar Baba suka yi ta tura alkawarin gaba. Yanzu ƙofar ɗakin za ta koma ƙarƙashin ruwa, in ba ta tashi bana ba, babu inda za ta tashi.

Yaya bai san komai ba, kuma ba ta da bakin gaya masa. Kunyar ɗan fari a wurin Inna ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ta yi magana. Tun da ya sami aikin lebura a madatsa aka ba shi takalmin aiki, sunansa a bakinta ya koma "mai but". Ko suna zaune a tsakar gida ɗaya ni ce 'yar aikensu.

Da ya ji labarin tafiyar ya yi ta faɗa. Ga mota, ga kwalta, me zai sa tsohuwa ta kashe ƙafarta? Da ya ga ba ta da niyyar sauka, sai ya kafa sharaɗi, ta bakina. Zai saya mata takalmi, ta sa shi. Zai tare mu a Bakura da motar wani abokinsa direba. In ya tarar ba ta sa ba, mota za ta shiga, magana ta ƙare.

Inna ba ta zuwa kasuwa, saboda haka na zaunar da ita na gwada tafin ƙafarta da kara, na karya shi daidai tsawonta. Ran Talata ni da Yaya muka sauka Mafara, ina riƙe da karan nan kamar wani zai fizge.

Kai, ranar na ga takalma! Akwai na roba irin na makiyaya, wanda ba ya jin ruwa amma da rana ya dafa ƙafa. Akwai silifa, da ƙaya ɗaya ke hudawa. Akwai na taya zalla, baƙi, mummuna, mai ƙarko. Yaya ya kafe a kan wani ƙaramin but. Na ce in dai Inna ce za ta sa wannan a gaban matan ƙauye, to sai dai a ɗaure ta. Ni raina yana kan kambas fari, ya ce kafin Bakura zai koma kalar kunun kanwa. Muka yi ta musu a gaban wani baduku har ya gaji da mu.

"Ku tsaya," in ji shi. "Tsohuwa ta, ko ɗiya?"

"Tsohuwa ta. Sakkwato za ta a ƙasa," Yaya ya ce.

Ya jawo wani takalmi fade daga ƙarƙashin buzunsa. Jar fata ce mai laushi, da ɗinkin kore a sama, ƙasan an manna masa taya sirirya don ƙaya. Na ɗora karan a kai, ya zauna daram. Wallahi sai da na yi guɗa a cikin kasuwa, Yaya ya harare ni. Ba mu yi tunani ba ko kaɗan cewa kyan nan nasa shi ne zai ja mana.

Sauran kwanakin gidanmu ya zama kamar gidan biki. Na wanke goran ruwa na ɗaure masa igiya sabuwa. Aka fito da buta da buzun salla na Baba da sandarsa. Muka daka gumba, muka yi dakuwa, muka soya ƙuli. Na soke allurar cire ƙaya a bakin zanena, na cika ɗan gwangwani da man kaɗanya. Inna ta ƙunsa mana lalle har idon sawu, wai yana sa tafin ƙafa ya yi tauri. Duk abin da na sa a ƙunshi sai ta ɗaga ta ji nauyi, rabi ta fitar. Madubina ma bai tsira ba. Takalmin kuwa na shafe shi da mai kamar yadda baduku ya ce, ta karɓa ta juya shi, ta sa ƙarƙashin matashinta.

Ranar tashi bayan asuba ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta daɗe tana addu'a, sannan ta zura takalmi muka fita. Mata suka yi ta yaba shi. Muna wuce rumbun ƙarshe na ƙauye ta tsaya, ta cire, ta goge ƙasansa da gefen zane, ta sa a ƙwarya ta ɗora a ka.

"Inna! Don mi kika yi haka?"

"Wanga abu kika so in taka kashin shanu da shi? Sai mun ga Sakkwato."

Na yi roƙo, na yi fushi, na tuna mata Bakura. Ta yi gaba abinta, sanda na bugun ƙasa.

Duk da haka daɗin tafiyar bai bar ni na yi fushi mai tsawo ba. Mun ga motocin da ke ture tudu kamar ana ture tuwo, mun ga Turawa jajur a rana da guntun wando, matan ayari suna rufe baki suna leƙe. Mun bi gefen sababbin magudanan siminti, ina tsoma ƙafa ina ihu don sanyi. A kowane ƙauye sai a fito mana da ruwa da fura, a yi gaisuwa doguwa, a ce mu sa su a addu'a. In mun yada zango na cire mata ƙaya, na cusa man kaɗanya a fason diddigenta. Yana ɗan tsattsafo da jini, amma ko tsaki ba ta yi. Ni ce dai gabana ke faɗuwa duk lokacin da aka ce Bakura ta kusa.

Mun tarar da shi a bakin gari, a gindin wata tsamiya, mota na tsaye, direba na cin rake. Ya gaida dattawan ayari, ya durƙusa daga nesa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon wani wuri. Ƙafarta tana cikin zane, kuma ba zai iya cewa ta miƙo ba. Sai ya ce da ni, "Kawo takalmin in gani."

Na sauke ƙwarya. Ya juya ƙasansa, tas, ko ƙura babu. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Ki ce mata mota na jira."

Inna ta juyo gare ni, ni kaɗai, kamar babu kowa a wurin. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba.

"Ki ce ma mai but ba ni shiga. Ki ce mishi wani yaro ya yi ƙyanda cikin ɗakina, anka ce ba shi kai sahe. Nic ce in Allah Ya bar min shi, da ƙahwata za ni. To Ya bar min shi." Ta gyara lulluɓi. "Takalmi kau, shi na abu na hwarko da yaron nan yas saya min da guminai. Ba ni shiga Sakkwato da shi tsoho."

Na buɗe baki in maimaita kamar kullum, sai na ga ya riga ya ji. Babu ma bukata. Yaya ya tsaya da takalmi a hannu, wannan ƙaton da ke ɗaga buhun siminti shi kaɗai, hawaye na bin gemunsa. Tausayinsu ya kama ni su biyun, ga wani farin ciki da ya sa nake son in yi tsalle. Can ya je wajen direba ya ba shi saƙo zuwa wurin aiki, mota ta juya da direba kaɗai. Ya naɗe takalmin a rawaninsa ya rataya a kafaɗa, ya karɓi ƙunshin Inna daga hannuna ya shiga gaba.

Haka muka ƙarasa, shi a gaba da but yana ture mata ƙaya daga hanya, ita a baya tana ce mini in gaya masa ya rage sauri. Da gine-ginen Sakkwato suka bayyana, ayari ya ɗauki kabbara, ni har da rawa. Yaya ya zuba ruwa daga gora, na wanke mata ƙafa. Ya kwance rawani, ya durƙusa ya ajiye takalmin a gabanta. Ta zura, ta taka sau biyu, ta dube ni.

"Ki ce mishi ya yi daidai."