Kwallin da aka sa wa shaho

Shekarar da nake aji uku a kolej ne shaho ya faɗa ragar da Baba ya ɗana a garkarmu ta bakin tafkin Madarumfa. Bai kashe shi ba. Ya ɗaure masa ƙafa a kan dogon turke, don ganinsa kaɗai ya isa ya kori tsuntsayen da ke cinye mana irin ganyen salati. Ni ce mai kai masa hanjin kifi in na taso daga lakwal, wato makaranta.

Bayan 'yan watanni idonsa na hagu ya fara ruwa. Sai wata jar tsoka ta ɓullo daga gefe, kamar ƙwayar wake, tana ta girma har ta turo idon waje. Ya daina kuka. In na shigo garka da tsakar rana, shiru, ba ko motsin ganye, sai shi bisa turke yana bina da wannan idon har in fita shinge.

Kakata ta ce a kawo shi gida. Baba ya danne fukafukai, ita ta zira masa kwalli yadda take yi wa jarirai. Kwana huɗu ana haka. A na biyar ina gaban madubi ina sa kwalli, na gama da idona na hagu ke nan, sai na ga ɗan gashin tsuntsu manne a bakin tandun kwallin. Tandu ɗaya gare mu a gidan, tsinke ɗaya.

"Kaka, da wannan tsinken kika sa mishi?"

"To da mi, da muciya? Ke 'yar boko, ai na goge a zanena."

Kafin la'asar idona ya fara ruwa.

Likitan dabbobi da Baba ya kira ya ce ƙari ne, ba ya warkewa, kuma ba ya kama mutum. Aka yanka shahon. Ni ma a gidan likita wata mata ta haska min tocila, ta ce na cika murza ido ne, ta ba ni maganin ɗigawa. Ruwan ya tsaya.

Amma akwai wata 'yar jar tsoka a kusurwar idon, wajen hanci. Kullum da safe sai na ja fatar na duba ta. Ƙanwata ta gaji da ni, ta ce kowa yana da ita, haka Allah ya halicce mu, ta buɗe min nata in gani.

Akwai kuwa. Na daɗe ina kallo, na kasa tambayarta ko ita ma ta sa kwalli a kwanakin nan huɗu.