Uku Cikin Ɗari Ya Rage

Mutumin ba shi da ladabi, kuma bai damu a sani ba. A shagon gidan mai da ke gefen garin Kearney ya bangaje ni, ko sannu babu. "Matsa, tsohuwa," kawai ya ce.

Zai kai sittin. An ɗinka sunansa a ƙirjin rigarsa ta aiki: Delbert. Fuskarsa a kumbure take, jijiyar hannunsa ta taso irin ta masu wankin ƙoda. Shekara huɗu na ga irinta a hannun mijina.

Yana tsaye gaban igiyoyin caji, kowacce a rufe cikin roba mai tauri. Yana kara gindin wayarsa da su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙanƙance ido.

"Sai ka saya za ka buɗe, yallaɓai," in ji mai shagon.

"Biyu na buɗe, baiwar Allah, ko ɗaya ba ta shiga ba! Uku cikin ɗari ya rage mini."

Zato nake yi, amma na san irin wannan gaggawar. Kiran asibiti yake jira. In an samu ƙoda za a kira shi, in bai ɗauka ba a ba na bayansa. Cajata ba irin tasa ba ce.

Ya juyo wajen masu jiran biya, ya ɗaga wayar sama.

"Jama'a, ku duba motocinku. Mai caja mai irin wannan bakin ya ara mini na minti goma."